Masu zuwa da tambayoyi: yadda ake bibiyar halin gidaje da ra'ayin jama'a a yankunan rikici na Najeriya

Wanda ya zauna a Maiduguri, Damaturu, Mubi ko Gusau a shekarun nan ya san su. Matasa biyu ko uku su yi sallama a ƙofar gida, kati rataye a wuya, ƙaramar kwamfuta a hannu. Ko kuma baƙuwar lamba ta kira, a ce, "Baba, don Allah ka ara mana minti ashirin." Daga nan sai tambaya: me kuka ci jiya, yara nawa ke zuwa makaranta, kana iya zuwa gona? Ga tambayoyin da su waɗanda ake tambayar suka fi yi, tare da na masu unguwanni da 'yan jarida masu ɗaukar alƙaluman zuwa labarai.

1. Wai su wane ne, kuma wa ya aiko su?

Ba gida ɗaya suka fito ba, ko da yake jama'a kan haɗa su duka a kira su "'yan ƙungiya". Akwai ma'aikatan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, wadda ita ce ke fitar da alƙaluman talauci da farashi na gwamnati, galibi tare da Bankin Duniya. Akwai na Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, masu bin diddigin ci da sha. Akwai na Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, waɗanda tun 2014 suke ƙirga 'yan gudun hijira a Arewa maso Gabas zagaye bayan zagaye. Sai masu jin ra'ayi zalla, irin su Afrobarometer, wadda ta fara aiki a 1999 kuma take yin tambayoyi iri ɗaya a ƙasashen Afirka sama da talatin. A Najeriya kamfanin NOIPolls ya gudanar mata da zagayen baya-bayan nan, a Nijar kuma cibiyar LASDEL ta Yamai.

Kana da ikon tambayar wanda ya zo sunan hukumarsa kafin ka ba shi tabarma. Mai aikin gaskiya ma shi zai fara faɗa.

2. Me ya sa aka shigo gidana aka tsallake na maƙwabcina?

Ƙuri'a ce. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya zazzage buhu don ya ga ingancinsa, yakan soka ƙarfe ta sama da tsakiya da ƙasa ya duba abin da ya fito a tafin hannunsa. Haka ake yi da gidaje. An yanka ƙasar zuwa ƙananan yankunan ƙidaya, kwamfuta ta zaɓi wasu, a je a jera gidajen da ke cikinsu, sannan a sake zaɓen kamar goma daga jerin. Ba bulama ko mai unguwa ne ya ba da sunanka ba, kuma bai cire na maƙwabcinka ba. In ma aka bar bulama ya zaɓa, aikin ya lalace, don zai kai su gidan da ya fi so a gani.

"Gida" a wajensu kuma ba katanga ba ce. Waɗanda ke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya su ne gida ɗaya. Shi ya sa a babban gida mai sassa huɗu za a iya tambayar sashe ɗaya a bar uku.

3. In na amsa, tallafi zai biyo baya?

A mafi yawan lokuta a'a, kuma nan ne ake samun ɓacin rai. Bincike daban, rajistar masu karɓar tallafi daban. Rajistar marasa galihu ta ƙasa, wadda ofishin NASSCO ke riƙe da ita, da kuma rajistar katin abinci a sansani, su ne ke ɗaukar suna don a ba mutum wani abu. Bincike yana ɗaukar amsarka ne ya zuba cikin na dubban mutane, a fitar da hoton yanki gaba ɗaya. Abin da ka iya samu kai tsaye bai wuce ɗan katin waya na godiya da wasu masu kira kan tura ba.

Ba laifi ba ne mutum ya yi fata. Wanda ya shekara biyar a tanti, aka zo ana tambayarsa awaki nawa gare shi, dole zuciyarsa ta raya masa cewa amsar na da lada. Masu aikin sun san haka, sun san awakin kan koma bayan ɗaki idan an hango su tafe. Amma ɓoyewar ba ta ƙara wa mai ita ko mudu ɗaya. Abin da take yi shi ne ta sa ƙauyen da ke da ɗan dama-dama ya yi kama da wanda ba shi da komai, sai abincin da bai isa ba a raba shi inda bai kamata ba. Yadda amsoshin ke komawa buhunan abinci yana tambaya ta 13.

4. Ta yaya zan bambanta su da 'yan damfara?

Mai bincike na gaskiya ba ya neman lambar BVN, ba ya neman lambar sirri ta katin banki, ba ya cewa ka karanto masa lambar da aka turo maka ta tes, kuma ba ya karɓar kuɗin fom. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan, kashe wayar. Masu zuwa gida kuwa sukan fara gaida mai unguwa ko shugaban sansani da takardar gabatarwa, don haka aika yaro ya tambaya ba zai ci maka minti goma ba.

5. Ina amsoshina suke zuwa? Sojoji ko hukuma za su gani?

Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta hana NBS bayyana bayanan mutum ɗaya ta yadda za a gane shi, kuma Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane nauyin tsare su. A aikace, kafin a saki bayanan ga masu nazari ana cire suna da lambar waya, a kuma jirkita alamar wurin da gidan yake a taswira.

Wannan ita ce ƙa'ida. Ba zan ce maka ba a taɓa yin sakaci a ko'ina ba. Idan tambaya ta taɓa abin da kake ganin zai jawo maka fitina, ka ce a wuce ta, akwai gurbin "bai amsa ba" a cikin kwamfutar. Wannan ya fi a ƙirƙiro amsa.

6. Me ya sa ake ta nanata abin da muka ci a kwana bakwai?

Saboda a nan ne wahala ke fara nuna kanta, kuma kwana bakwai uwargida ba ta manta su ba. Ma'aunin da WFP ke amfani da shi yana raba abinci rukuni-rukuni, kowane da makinsa: hatsi da rogo da doya maki 2 a rana, wake da gyaɗa 3, ganye 1, 'ya'yan itace 1, nama da kifi da ƙwai 4, madara da nono 4, mai rabin maki, sukari rabin maki. Ana ninka makin da yawan ranakun da aka ci abin.

Ɗauki gidan da ya ci tuwon masara kullum, maki 14 ke nan. Miyar kuka kullum, 7. Mai ya shiga miya kwana huɗu, 2. Sukari a koko kwana biyu, 1. Wake sau ɗaya, 3. Jimilla 27. A ma'aunin da aka saba, 21 zuwa ƙasa mummunan hali ne, daga nan zuwa 35 bakin gaɓa, sama da haka an tsira. Gidan nan yana bakin gaɓa, alhali ba ranar da bai ɗora tukunya ba. Da an sami nono kwana uku kacal, da ya hau 39. Shi ya sa mai tambaya ke takura wa a kan ɗan busasshen kifin da aka daka a miya: in don ƙamshi aka sa, kayan ɗanɗano ne kamar daddawa, ba ya cin maki 4.

Akwai kuma tambayoyin dabarun jurewa, ko an rage yawan ci a rana, ko an ci bashin hatsi, ko manya sun haƙura don yara su samu. Wannan ta ƙarshen ita ce mata suka fi yin shiru kafin su amsa. Yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuma akan zagaya musu ɗan tef mai launi a damtse, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani.

7. An ce talakawa kashi 40 ne, an kuma ce kashi 63. Wanne ne gaskiya?

Duka biyun daga NBS suka fito, abin da suka auna ne ya bambanta. Binciken matsayin rayuwa na 2018/19 ya lissafa abin da gida ke ci da kashewa, ya ja layi a naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ya sami kashi 40.1 cikin ɗari a ƙasan layin, mutum miliyan 82.9. Sakkwato da Taraba da Jigawa kowacce ta haura kashi 87, Legas ba ta kai 5 ba. Na watan Nuwamban 2022 kuwa bai tsaya kan kuɗi ba, ya duba makaranta, asibiti, ruwa, makewayi, makamashin girki, aikin yi da matsalar tsaro, ya ce kashi 63, mutum miliyan 133.

Ga abin da ba a cika faɗa ba: wancan kashi 40.1 babu Barno a cikinsa. An shiga jihar, amma gidajen da aka iya kaiwa ba su wakilci jihar duka ba, sai hukumar ta cire ta daga lissafin ƙasa. Wato jihar da yaƙi ya fi ci ita ce ba ta cikin adadin talaucin. Duba tambaya ta 10.

8. Bara sun zo, bana sun dawo da tambayoyi iri ɗaya. Ba su rubuta ba ne?

Sun rubuta. Dawowar ita ce aikin. Tun 2010/11 NBS ke bin wasu gidaje kusan 5,000, ta sake zagayawa a 2012/13, 2015/16, 2018/19 da 2023/24 (a 2018/19 an musanya mafi yawansu da sababbin gidaje), kuma kowane zagaye sau biyu ake zuwa, bayan shuka da bayan girbi, don gidan manomi a watan Agusta ba shi ne gidansa a watan Janairu ba. Zuwa ɗaya zai nuna maka mai shanu biyu. Zuwa na biyu ne zai nuna cewa dā shanunsa goma sha biyu ne.

A yankin rikici wannan bibiya tana da wuya ƙwarai. Gidan da aka rubuta a Baga ko Gwoza a 2010 ya watse, wani yana Maiduguri, wani yana Diffa ta Nijar, wani a sansanin Minawao na Kamaru. Waɗanda suka ɓace daga jerin galibi su ne abin ya fi shafa, sai ragowar su sa hoton ya yi kyau fiye da yadda yake.

9. Me ya sa yanzu aka fi kira ta waya? Ana iya dogara da shi?

Waya ta fi araha, ta fi sauri, kuma ba ta bin hanyar da aka dasa wa bam. A 2017 NBS da Bankin Duniya sun kira gidaje a shiyyoyi uku suna tambaya kan rikici, kusan rabin gidajen Arewa maso Gabas suka ce wani tashin hankali ya taɓa su tun daga 2010. Da korona ta zo, daga Afrilun 2020 aka riƙa kiran gidaje kusan 1,950 wata-wata. Abin da ke canzawa cikin makonni, irin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ko tashin farashi bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun shekarar, ko ambaliyar madatsar Alau da ta shanye Maiduguri a Satumban 2024, ba zai jira binciken da ake yi bayan shekara uku ba.

Amma wa ke ɗaga wayar? Wanda yake da ita, yake da kuɗin caji, yake inda akwai sabis. Yawanci namiji ne, kuma ya fi maƙwabtansa ɗan hali. Sannan a daidai lokacin da aka fi bukatar labari ne layin ke mutuwa: an katse sadarwa a Barno da Yobe da Adamawa bayan dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013, an katse a Zamfara a Satumban 2021, sannan a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Masana kan gyara lissafin ta hanyar ƙara wa amsar talakan ƙauye nauyi, amma ba a ƙara nauyin amsar da ba a samu ba. Ga kuma rashin ido. Labarin zuciya a tambayi fuska, mai kira daga Abuja kuwa ba ya ganin rumbun, ba ya ganin wanda ke tsaye kusa da mai amsawa. Da babu gara ba daɗi, iyakar abin da zan ce ke nan.

10. To wuraren da ba a iya shiga sam fa?

Wannan ita ce babbar tambayar, kuma duk sauran suna rataye a kanta. Shekaru da dama ƙananan hukumomi irin su Abadam, Guzamala da Marte sun kasance a rufe ga ma'aikatan agaji, wasu kuma hedikwatarsu kawai ake iya kaiwa, cikin ramin da sojoji suka zagaye garin da shi. Abin da ake yi shi ne zagaye. Ƙungiyar REACH kan zauna da waɗanda suka fito daga daji kwanan nan, a tambaye su halin ƙauyen da suka baro: akwai kasuwa, ana noma, me ake ci, su wa suka rage. Ana auna damtsen yaransu a ranar da suka iso. Ana duba hotunan tauraron ɗan Adam a ga ko ciyawa ta rufe hanyoyin ƙauye, ko rufin ɗakuna na nan, ko an share gonaki. Duk wannan ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba, kuma wanda ya iya tafiyar kwana uku a ƙafa ya fi wanda ya bari a baya ƙarfi.

Abu biyu da suka faru a 2016 sun isa misali. A watan Yuni likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka samu shiga Bama, suka tarar da mutum kusan 24,000 a harabar asibiti cikin yunwa mai tsanani, suka ƙirga kaburbura sama da 1,200 a kusa da wurin. A watan Agusta kuma, bayan Najeriya ta yi shekara biyu ba a ga cutar shan inna ba har ana shirin murna, sai ga ta a jikin yara daga Gwoza da Jere. Gwajin ƙwayar ya nuna ta daɗe tana yawo a inda ba mai zuwa dubawa. Takarda ta nuna sifili ne saboda ba a je ba.

Haka lissafin mace-mace. Rahoton hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, na 2021 ya ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin Arewa maso Gabas ya ci rai kusan 350,000, kuma kusan 35,000 ne kawai makami ya kashe kai tsaye. Sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti, irin mutuwar da ba ta shiga labarai.

11. Abinci dai mun gane. Ra'ayina game da gwamnati ko 'yan sanda me zai ƙara?

Mutum yana aiki ne da abin da ya yarda da shi. Manomin da yake ganin hanyar gona ba lafiya ba zai shuka ba, ko da rahoton tsaro ya ce an samu sauƙi. Da gwamnatin Barno ta fara rufe sansanonin Maiduguri a 2021, irin su na Bakassi, abin da ke nuna ko mutane za su zauna a inda aka mayar da su shi ne yadda su kansu suke ganin tsaron wurin. Haka batun tubabbun mayaƙa: ko unguwa za ta karɓe su, ba a sanin wannan daga ofis. Shi ya sa ake tambayar wa ka fi amincewa da shi tsakanin soja, ɗan sanda, ɗan sa-kai, basarake da malami, da kuma wajen wa kake kai ƙara in an cuce ka.

12. Mutum zai faɗa wa baƙo gaskiya a kan irin waɗannan abubuwa?

Ba kullum ba. Baki shi ke yanka wuya, kuma wanda ya rayu tsakanin bindiga biyu ya koyi amsar da ba ta ɓata wa kowa. Afrobarometer ma takan rufe hirarta da tambayar "wa kake jin ya aiko mu?", don mutane da yawa kan ɗauka gwamnati ce, kuma hakan na iya tausasa harshensu.

Akwai dabaru. Ɗaya ita ce ta jeri: a karanta wa rabin mutane abubuwa uku, ɗaya rabin a karanta musu ukun nan da ƙarin na huɗu mai nauyi, misali biyan kuɗi ga 'yan bindiga kafin a shiga gona. Ba a ce ka faɗi wanne ka yi ba, nawa daga ciki kawai. Bambancin matsakaicin amsar ɓangarorin biyu shi ke nuna yawan masu biya, ba tare da an san ko mutum ɗaya ba. An yi amfani da irin wannan a Afganistan. A yankin Neja Delta kuma an taɓa ba masu amsa ɗan ludo su jefa a ɓoye, lambar da ta fito ita ke cewa su faɗi gaskiya ko su ba da amsar da aka ƙayyade.

Wani lokaci kuma matsalar ba tsoro ba ce. Ana rubuta tambayoyi da Turanci, a juya su Hausa, sannan a je wa tsohuwar da Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Margi take ji, jikanta ɗan shekara goma sha biyu yana tafinta. Ko a tambayi matar aure game da cin gida mijinta na zaune a bakin ƙofa, ta ce "Alhamdu lillahi" ta yi shiru. Hukumar da ta san aikinta takan tura mace wajen mata, da mai jin harshen garin.

13. A ƙarshe me ake yi da alƙaluman?

Hanya mafi kusa ita ce Cadre Harmonisé, tsarin da ƙasashen Sahel da Yammacin Afirka ke amfani da shi ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen yankin mai yaƙi da fari. Sau biyu a shekara, wajen Maris da kuma Oktoba ko Nuwamba, jami'an gwamnati da na hukumomin agaji kan zauna da sakamakon binciken gidaje, farashin kasuwa, ruwan sama da awon yara, su sa kowane yanki a mataki ɗaya cikin biyar, daga lafiya lau zuwa yunwa mai kisa. Suna kuma hasashen watannin Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Adadin "mutum miliyan kaza na fuskantar yunwa" da kake ji a rediyo daga nan yake fitowa, kuma da shi ake neman kuɗi, da shi ake yanke wace ƙaramar hukuma za a fara kai wa.

Ko kuɗin zai zo, wannan wata magana ce. A farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare, har shafin FEWS NET mai gargaɗin yunwa sai da ya rufe na wasu watanni.

14. Ni ɗan jarida ne, an turo min rahoto. Me zan duba kafin in buga?

Tsallake shafin farko ka nemi inda aka bayyana yadda aka yi aikin. Yaushe aka yi tambayoyin, kaka ko tsakiyar damina? Ido da ido ne ko ta waya (tambaya ta 9)? Waɗanne ƙananan hukumomi aka cire ko aka musanya saboda tsaro (tambaya ta 10)? Rahoto mai mutunci yakan faɗa, ko da a ƙananan haruffa ne.

Sai yawan mutanen. Binciken mutum 1,600 a faɗin ƙasa yana da kuskuren da bai wuce maki biyu da rabi sama ko ƙasa ba, amma in ka tsamo mutum 100 na jiha ɗaya daga ciki, kuskuren ya kai wajen maki goma. Don haka daga kashi 52 zuwa 55 ba labari ba ne. Idan kuma aka juya kaso zuwa miliyoyin mutane, ka tuna ƙidayar ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Yawan mutanen Monguno ko Anka da aka ninka kason da shi hasashe ne daga lissafin da aka yi kafin garuruwan su cika da 'yan gudun hijira, ƙauyukan kewaye kuma su zama kufai.